Shirinmu Na Yau: Tunkuzar Angurya A Abincin Aladu

Matasa masu kiwon aladu, musamman a yankin Kafanchan, ku saurara. Idan waken suya ya yi tsada, sai hankali ya koma kan tunkuzar angurya, wato ragowar 'ya'yan auduga bayan an matse mai. To, a yi hattara. Tana da furotin, amma kuzarin da take bai wa alade mai tasowa bai kai na waken suya ba, don ɓawo ya mata yawa, cikinsa ba ya iya narkar da shi. Ga kuma gubar gosifol: saniya na jurewa, alade kuwa zuciya da hanta take lalata masa. Kar ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa. Arha fa ba ta ado.