Idan Babban Jirgi Ya Tsaya a Tsakiyar Ruwa

Tsakanin Nguru da Gashua, da zarar Kogin Yobe ya cika ya batse, hanyar ƙauyuka da yawa takan koma ta ruwa. Ranar kasuwa sai ka ga babban jirgi mai inji ya ɗauko mutane, buhunan shinkafa, babura har da awaki, bakinsa saura ƙiris ya sha ruwa. In injin ya mutu, ko farfela ta sarƙe da ciyawar kachalla da ta addabi mashigar Marma da Tafkin Nguru, ba hukumar da za ta riga masunci isa wurin. A farkon Janairun 2026 jirgin da ya taso daga Adiyani ta jihar Jigawa zuwa Garbi, a ƙaramar hukumar Nguru, ya kife da dare, mutum sama da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

To, kai mai ƙaramin kwale-kwale, kada tausayi ya sa ka manna gefenka da na babban jirgin. Wanda ya firgita ba ya jin kira. Mutum 5 suka diro maka lokaci guda, ka kife, masu neman ceto sun ƙaru. Tsaya ɗan nesa, ɗaga murya ka ce kowa ya zauna, a kama kwarfe ruwa, sannan ka jefa igiya.

A ɗaure ta a goshin babban jirgin, ƙasa-ƙasa, a katako mai ƙwari. Kai ma a bayan kwale-kwalenka za ka ɗaure, ba a ƙugu ba, kuma ban da naɗe ta a hannu. Wuƙa ta kasance kusa, domin in babban ya fara nutsewa, da kai zai tafi. Ja a hankali, kada ka yi jayayya da ƙarfin ruwa: bi shi a karkace zuwa gaɓar da ta fi kusa, ko da ba can aka nufa ba. In nauyi ya hana motsi, buhu ya tafi; mai kaya ya yi haƙuri.

Wanda ya faɗa ruwa kuwa, jefa masa jarka mai murfi wadda ba kome a ciki, ka ɗauko shi ta bayan kwale-kwalen, ba ta gefe ba.

Fasinjoji ma da nasu. Rigar kariya ba ta matsorata ba ce, kuma in direba ya ce a hau bayan magariba babu fitila, kwana a ƙauyen.