Askar Baba: yadda na koyi aski bayan na haura shekara 40

Ranar da muka dawo da mahaifina gida daga asibiti, bayan kwana 19 yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, kafin ya nemi ko kunu aski ya nema. Ya ɗaga hannun hagu, wanda shi kaɗai ke masa aiki a lokacin, ya shafa kansa, ya shafa kumatunsa, ya dube ni. Bakin ya karkace, maganar ba ta fita, amma na gane.

A Zongon Kwatano muke. Baba ya shigo garin nan yana saurayi da fataucin goro, daga baya ya koma atamfa, ni kuma na gaji rumfarsa a kasuwar Dantokpa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin gashi ya wuce kwana bakwai a kansa ba. Duk Juma'a da hantsi wanzaminsa zai iso da zabira a rataye, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a yi masa ƙwal-kwabo, a gyara saje, a rage gashin baki, a daidaita gemu, sannan ya yi wanka ya tafi masallaci. Wanzamin dattijo ne mutumin Tasawa, Baba Wanzam muka taso muna ce masa. Fiye da shekara 30 hannunsa kaɗai ke taɓa kan Baba.

Na je ɗauko shi, sai na tarar ya rataye zabira. Yana ta rufe masa ido ɗaya, hannun kuma ya fara rawa. Ya ce, "Ɗan Alhaji, da wannan hannun ba zan ɗora aska a kan aminina ba. Bayan Babbar Salla ma yara za su zo su mai da ni gida."

To, sai na kira wani yaro mai shagon aski a layinmu, ya zo da kilifarsa. Yaron kirki ne, ya kuma iya aikinsa. Amma yana kunna ta, ƙarar nan ta tashi, Baba ya juya fuska ga bango ya ƙi waiwayowa. Da yaron ya fita na leƙa, hawaye na gani. Ciwo ya karɓe masa tafiya, ya karɓe magana, ya karɓe riƙon cokali. Askin Juma'a ne ya rage masa, shi ma ga shi muna neman sauya masa.

Masu aska ba a rasa su ba a bakin kasuwa. Abu biyu suka hana ni kiran ɗayansu. Likita ya ɗora Baba a kan maganin tsinka jini don kada ciwon ya dawo, ya ce mu kula da duk wani yanka, domin jinin zai daɗe bai tsaya ba. Ɗayan kuwa uwargida ce ta tuna min, ita da ta rasa ƙaninta ta dalilin ciwon hanta. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana bakwai ko fiye da ranta a ɗan busasshen jinin da ido ma ba ya gani, kuma shafa wa aska sifirit a gurguje tsakanin wannan kai da wancan ba ya ba da tabbacin komai. Ta ce, "Maigida, in dai aska ce, ta zama tasa shi kaɗai, hannun kuma na cikin gida." Na ce hannun wa? Ta yi shiru tana kallona.

Haka na koma wajen Baba Wanzam da ƙoƙon barata. Ya yi dariya har da tari. "Gidanku an gaji zabira ne?" Da gaskiyarsa. Wanzanci a ƙasar Hausa gado ne. Yaro kan taso yana riƙe wa ubansa ƙaho, yana kallon askin jarirai da cire beli da kaciya, kuma sana'ar har sarki gare ta, Sarkin Aska. Ni kuwa ɗan kasuwa ne mai shekara 43 wanda ko fensir bai iya feƙewa da reza ba. Na ce, "Baba, ba ƙaho nake nema ba, ba kaciya ba. Kai ɗaya tak nake so in iya askewa." Sai ya daina dariya. Ya ce in zo gobe bayan La'asar, in taho da askata.

Nan na fara tafka asara, ni da nake taƙama da sanin kaya. Aska iri uku na tarar a kasuwa. Akwai ta maƙeranmu, guntun baƙin ƙarfe mai faɗin baki, irin ta cikin zabira. Akwai ta Turawa mai naɗewa cikin ƙotarta, wadda su kansu suka yi watsi da ita bayan Gillette ya sami rajistar rezarsa a Amurka a 1904. Sai kuma wadda masu shago ke gyaran fuska da ita, a karya reza biyu a zura rabi a ciki, a jefar bayan kowane mutum. Na hangi mai naɗewa tana ƙyalli a wani tebur, an rubuta Solingen a jikinta, garin nan na Jamus da ya yi suna wajen wuƙaƙe da asake. Na biya jika uku ina murna. Baba Wanzam ya ɗora ta a dutse, ya wasa, ya gwada a gashin hannunsa, ya miƙo min. "Wannan a kai wa Hajiya ta yanka kuɓewa." Ƙarfen ba ya riƙe kaifi. Ni da kullum nake gaya wa masu saye cewa tambarin bakin atamfa ba shi ne atamfar ba! Daga baya wani abokin ciniki mai zuwa Faransa ya taho min da guda biyu na gaske, ɗaya tawa ɗaya ta Baba, na ɗaura wa tasa jan zare a ƙota don kada su taɓa cakuɗewa.

Wanda zai fara, in ba shi da halin wannan, mai rabin reza ta ishe shi. Tana da arha, ba ta son washi, kuma ta fi sauƙin tsabta. Sai dai ta fi cizo, domin rezar siririya ce kuma kusurwoyinta ba su da yafiya.

Mako biyu na yi ina zuwa ban taɓa gashi ba. A gida kuwa da almakashi nake rage wa Baba nasa, yana haƙuri yana harara ta. Abin da aka fara ɗora ni a kai shi ne goga aska a fata. Bakin aska siriri ne ƙwarai, in ya ci gashi yakan ɗan lanƙwashe yadda ido ba zai gani ba, fata ce ke miƙar da shi kafin kowane aski. Dutse kuwa cin ƙarfe yake yi, ba a kai ta can sai ta dakushe sosai, watanni-watanni. A dutse baki ne ke gaba. A fata gadon bayanta ne ke gaba, baki na biye, a kwantar da ita gaba ɗaya, in an kai ƙarshe a mirgina ta a kan gadon bayan a dawo. Da kunne abin ba wuya. Hannuna dai ya dage sai ya juya ta a kan baki, na yi wa tsohon bel ɗina gunduwa-gunduwa kafin ya saba. Allah ya sa dattijon ya hana ni sayen fata mai tsada tun farko.

Daga nan sai ƙwarya. Ya kife ta a gabana, ya shafe bayanta da kumfar sabulu, ya ba ni askar kuɓewar nan, ashe tana da ranarta. Ya ce in kwashe kumfar ba tare da na kankare ƙwaryar ba. Ido ba ya gani sosai, amma kunne ras. Da ya ji ƙarfe ya ce ƙir, sai ya ce, "Ka yanki Alhaji." A rana ta farko na yanki Alhaji ya fi sau 20.

A kan ƙwaryar nan na gane abin da yake ta nanatawa. Aska kwantar da ita ake yi, tazarar da ke tsakanin gadon bayanta da fatar mutum kada ta wuce kaurin gadon bayan sau biyu, wato wajen digiri 30 in ji masu lissafi. In ka tsayar da ita kankara za ta yi, in ka tsayar sosai ta shige. Ba a danna ta, nauyinta kaɗai ya isa, in kuwa har ka ji sai ka danna to ta dakushe, ka koma fata. Ja gajere-gajere ake yi. Abin da ya fi yanka mutane kuwa shi ne jan ta gefe, irin na mahauci da wuƙa, ko da tsawon ƙwayar gero ne. Ɗaya hannun kuma ba ɗan kallo ba ne, shi ke jan fata ta miƙe kamar ta kalangu kafin ƙarfe ya sauka. Baba Wanzam cewa yake rabin aski hannun hagu ke yi.

Sai aka zo kan fuskata. Ranar farko kuncin dama kawai na yi, daga saje zuwa muƙamuƙi, na ƙarasa sauran da rezar da na saba. Kowane kwana biyu ina ƙara yanki. A mako na uku ina kan haɓa waya ta yi ƙara, na san wani mai bashi ne da nake jira, na waiga da aska a fuska. Tabon yana nan har yau. Washegari na shiga kasuwa da filasta, maƙwabtan rumfa suka naɗa ni Sarkin Askan Dantokpa, har da mai yi min kirari. Baba Wanzam da ya shafa wurin cewa ya yi, "An ce wanzami ba ya son jarfa, kai ga shi da kanka ka fara." Ya ba ni guntun alif, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, ya ce a jiƙa a goga a ƙaramin yanka. Yana da raɗaɗi, amma yana tsayar da jini. Tun daga ranar in zan ɗauki aska waya tana wani ɗaki.

Wani abin da na koya da fatata shi ne ƙurajen aski. Gashinmu mai murɗewa ne. In ka bi shi ta baibai don neman santsi, sai ka yanke shi ƙasa da fata, in ya tashi tsirowa ya lanƙwasa ya soki naman, wuya ya cika da ƙuraje. Sai ka bar gashin ya yi kwana biyu, ka shafa da yatsa ka san inda ya kwanta, domin a wuya kowane yanki da alƙiblarsa, sannan ka bi kwanciyarsa. Kafin ka fara, tawul da ruwan ɗumi na minti biyu ko uku, da kumfa mai kauri, in ta bushe ka sake. Bayan an gama ruwan sanyi da ɗan man kaɗanya.

Mu na bakin teku kuma muna da ƙarin aiki. Dare ɗaya na ajiye tawa da danshi, da safe na tarar da ɗigon tsatsa a bakinta. Iskar Kwatano ba ta barin ƙarfe. Yanzu sai na wanke, na tsane ta sarai har cikin ƙota, na ɗiga mata man keken ɗinki, sannan ta shiga akwati mai makulli saboda yara. In kuma ta suɓuce daga hannu, a ja ƙafa baya a bar ta ta faɗi, kada a kai mata cafka.

Saura mako biyu Babbar Salla dattijon ya ce na isa. Na fara tambayar likita, ya ce ba laifi, in dai an yi yanka a danne da auduga mai tsabta a riƙe, kada a yi ta ɗagawa ana leƙe, in ya ƙi tsayawa a kawo shi. Ranar Juma'a da hantsi muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, muka jingina Baba da matasai, ƙanena ya tallafe kafaɗarsa. Jikan Baba Wanzam ya jawo shi ya zaunar a gefe. Ya ce, "Da kunne zan duba ka."

Kan tsoho ba ƙwarya ba ne. Fatar ta saki, tana motsi a ƙarƙashin yatsa, a ƙeya ga ninki biyu da sai an sunkuyar da kai an ja su sun buɗe. Ban taɓa riƙe kan mahaifina ba sai ranar. Ina jin bugun jijiya a gefen goshinsa, ina jin nawa a maƙogwaro. Na fara daga tsakiya ina gangarowa, ina goge kumfar a tsumma. Babu mai magana, sai ƙarar aska sur, sur. Masu cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, ina jin wanda ake yi wa suke nufi. A wurin mai yi, bayan kunne ne. Can na kuskure a na dama, ɗan ƙaramin yanka kamar tsagar farce. Jini ya tsattsafo. Na danna auduga ina kallon agogo, gumi na bin bayana. Minti biyar cur na riƙe. Da na ɗaga ya tsaya.

Abin da Baba Wanzam ke gamawa cikin minti goma ya ci min kusan awa guda. Da na shafa man kaɗanya na ja da baya, Baba ya ɗaga hannun hagu ya bi kan tun daga goshi har ƙeya, ya dawo ta kumatu. Ya buɗe baki da ƙyar, muka matsa mu ji. "Ka... daɗe." Baba Wanzam ya fashe da dariya. Sannan Baba ya laluba aljihu ya ciro dala ashirin ya danƙa min, kamar yadda ya saba sallamar wanzaminsa.

Dattijon ya tafi Tasawa bayan Salla. Kwanan baya wani maƙwabci da aka yi wa haihuwa ya aiko wai in zo askin suna, na ce a nemi masu gadon abin, ni kai ɗaya na karanta. Yanzu minti 20 ya ishe ni, kuma duk Juma'a dala ashirin ɗina na nan. Makon jiya ne dai Baba ya shafa bayan kunnen hagu, ya ji 'yan gashin da na bari, ya mai da kuɗinsa aljihu.