Kalmomin Ceton Rai Ga Matafiyi A Koriya Ta Kudu

A Najeriya an saba da cewa 112 lamba ce ta kowace irin masifa. A Koriya ta Kudu an raba aikin gida biyu: 112 ta 'yan sanda ce, 119 kuma ta 'yan kwana-kwana da motar asibiti, wadda take kai marar lafiya kyauta. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya sauka a filin jirgin saman Inchon ya haddace, tun kafin ya koyi gaisuwa. Da bakinsu kuma ya haddace, domin wataƙila wani zai roƙa ya buga masa: 119 suna cewa "il-il-gu", 112 kuma "il-il-i".

Harshen Koriyanci yana da kalma guda mai ɗaukar kaya da yawa, wato "juseyo". Roƙo ce cikin ladabi, kamar ka ce a taimaka a yi maka. Duk abin da ka jingina mata ya zama buƙata. "Towa juseyo", a taimake ni. "Kugupca pullo juseyo", a kira motar asibiti. "Kyongcal pullo juseyo", a kira 'yan sanda. Sai dai "towa juseyo" ita ce kuma wadda mai neman a ɗaga masa jaka zai faɗa, don haka ba lallai ta firgita kowa ba. Idan rai ne a kan siratsi, abin da ake ihu da shi "sallyo juseyo", a cece ni. Wannan babu Bakoriyen da zai ji ta bai juyo ba, kuma bai kamata a ɓata ta a kan ɓatan waya ba. Gobara "puriya!", ɓarawo "todugiya!"

A ganina, ihu cikin taro ba ya kai a ware mutum ɗaya amfani. Jama'ar Seoul masu sauri ne, kowa zai ɗauka wani ya riga ya kira. Dubi mutum guda, ka ce "cogiyo", kamar yadda muke cewa "bawan Allah", sannan ka faɗi buƙatarka.

A asibiti ba a neman doguwar magana. Ɗora hannu inda ke ciwo ka ce "yogi apayo", nan ke mini ciwo. A kula fa, harshenmu yakan mayar da p ta koma f, su kuwa ba su da f sam. A haɗe leɓɓa sosai kafin a saki sautin. Asibiti "pyongwon", kantin magani "yakkuk", kuma a ƙara "odiyeyo?" a bayan kowanne ya zama tambayar ina yake. Mai ciwon sukari, ko asma, ko wanda wani magani ba ya karɓarsa, kada ya dogara da bakinsa. Ya sa a rubuta masa a takarda da haruffansu na Hangul, ya ajiye cikin aljihu, domin wanda ya suma ba ya magana.

Abin da ya fi ba baƙo wahala shi ne faɗin inda yake. Sunayen tituna ba sa zama a kai, amma kowace ƙofar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa tana da lamba, kuma da ita mutanen birnin suke kwatance. Lungun da turmutsitsi ya halaka mutum sama da 150 a daren 29 ga Oktoba 2022, cikinsu baƙi 26, kusa da ƙofa ta ɗaya ta tashar Itaewon yake. Unguwar ba baƙuwa ba ce ga namu: nan babban masallacin Seoul yake tun 1976, kuma 'yan Najeriya sun daɗe suna hada-hada a cikinta. Sunan tasha da lambar ƙofa sun isa a gano ka.

Akwai kuma saƙonnin gargaɗi da gwamnati take turowa wayoyi da ƙara mai razanarwa, galibi da Koriyanci. Da safiyar 31 ga Mayu 2023 irin wannan saƙo ya tashi mutanen Seoul, yana cewa su shirya neman mafaka bayan Koriya ta Arewa ta harba roka, daga baya aka ce kuskure ne. Kalmar da za a saurara ita ce "tepi", wato ficewa zuwa mafaka.

Idan fasfo ya ɓata, "yogwon iroboryossoyo" za ka gaya wa ɗan sanda, sannan ka nemi "tesagwan", ofishin jakadanci. In magana ta cije, ka ce "hangungmal motteyo", ba na jin Koriyanci, ka buga 1330, layin masu yawon buɗe ido, inda ake samun mai tafinta da Turanci. Matsalar biza kuwa ta 1345 ce.