Dafin Kwalara da Kuskuren Hana Majinyaci Ruwa

Duk lokacin da damina ta kankama a Minna aka fara jin labarin amai da gudawa, akan ga dangin marasa lafiya sun nufi masu tallar magani a kewayen Kasuwar Kure suna neman kafso da filajil, alhali sun bar majinyaci a gida babu ko kurɓin ruwa, bisa camfin cewa shan ruwa yana ƙara gudawa. Wannan ɗabi'a ta yi sanadin rasa rayukan da za a iya cetowa da gishiri da sukari.

Ƙwayar cutar kwalara, mai suna Vibrio cholerae, tana zama ne a ƙaramin hanji tana fitar da dafi, wanda likitan Indiya Sambhu Nath De ya tabbatar da samuwarsa a 1959. Umarnin haɗa dafin yana cikin ƙwayoyin gado biyu, ctxA da ctxB, waɗanda Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna a 1996 cewa wani bairos ne yake dasa su a jikin ƙwayar cutar. Ɓangarori biyar na dafin suna manne wa bangon hanji, na shidan kuma ya kutsa ciki ya tilasta wa hanji zubar da gishirin jiki, ruwa ya bi bayansa.

Saboda haka gudawar ba daga abin da aka sha take fitowa ba, daga ruwan jikin mutum ake tatsarta, ko ya sha ko bai sha ba. Kafso na iya rage ƙwayar cutar idan likita ya rubuta wanda ya dace, amma ba ya warware dafin da ya riga ya shiga, ballantana ya mayar da ruwan da ya zube. Abin takaici ne a kashe kuɗi a kan magani, a hana abin da ya fi araha.

Wajibi ne a fara ba majinyaci ruwan gishiri da sukari tun gudawar farko, na ƙulli ko haɗin gida: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya yi amai a ɗan dakata a ci gaba da kaɗan-kaɗan, jariri kuma kada a hana shi nono, sannan a garzaya asibiti, musamman idan idanu sun faɗa ko fitsari ya ɗauke. Masu sayar da kunu, zoɓo da abinci a kasuwa su tafasa ruwa, su wanke hannu da sabulu.

Kwalarar da ta tsananta ba a kula da ita ba tana iya kashe rabin masu ita, amma da mayar da ruwa a kan lokaci mace-macen ba sa kai 1 cikin 100.