Idan Babur Ya Mace Tsakanin Lome Da Sokode, Wa Za Ka Kira?

A hutun da ya wuce na tashi daga Agoe-Zongo bayan sallar asuba, zan je ɗaurin auren ƙanen matata a Sokode. Tafiyar kusan kilomita 340 ce a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Togo daga Lome har Sinkase. Na wuce Tsevie da Notse da Atakpame lafiya lau. Na bar Blitta ke nan, ban kai Sotubuwa ba, sai injin ya yi wata irin ƙara, babur ya mace. Na duba mai, na canza buji, na buga har ƙafa ta gaji, shiru.

Hankalina bai tashi ba, domin akwai takardar inshora a aljihuna, asurans kamar yadda muke cewa a nan. Na kira lambar da ke jiki. Wata baiwar Allah ta ɗauka, ta tambaye ni: "Malam, ka buge wani ne?" Na ce a'a. Ta ce: "To ai takardarka ba ta wannan ba ce." A bakin kwalta, cikin rana, ni da nake koya wa yara karatu na gane ban taɓa karanta abin da na biya wa kuɗi ba.

Inshorar da doka ta tilasta, wadda yawancinmu ke yi saboda jandarma da 'yan sanda, ta wanda ka yi wa ɓarna ce. In ka buge mutum ko ka fasa wa wani mota, kamfani zai biya shi. Ba ruwanta da baburinka in ya lalace, balle ta aiko a ɗauke ka. Haka ma katin nan na ƙasashen ECOWAS da ake kira Carte Brune, wanda aka kafa a 1982 kuma ofishinsa na nan Lome. Yana amfani in ka tsallaka Aflao zuwa Ghana ko ka shiga Benin, amma shi ma diyyar wanda ka yi wa rauni ko asara yake tsayawa a kai.

Agajin kan hanya, wato a zo a gyara maka ko a ɗauki babur zuwa gareji, yarjejeniya ce dabam da kuɗinta dabam. In wakilin kamfani ya ce maka "har da agaji a ciki", kada ka tsaya a maganar baki. Tambaye shi ko tsarin ya haɗa da mai ƙafa biyu, don sau da yawa motoci aka yi wa shi. Tambaye shi ko lalacewar inji da fashewar taya suna ciki, ko kuwa sai haɗari kaɗai. Nawa ne iyakar kuɗin ɗauka, kuma kilomita nawa? Wanda zai kai ka gareji mafi kusa dabam yake da wanda zai maido maka da babur Lome. Suna da mai ɗauka a Kara ko Dapango, ko duk motocinsu a Lome suke? Ana ɗaukar waya da dare da ranar Lahadi? Su za su biya kai tsaye, ko kai za ka biya ka kawo rasit? In kana aikin zemijan da babur ɗin, faɗa musu tun farko, domin ɓoye wannan na iya sa a hana ka haƙƙinka. Duk amsar da ya ba ka, ce masa ya nuna maka layinta a takarda. In Faransancin ya yi nauyi, kawo wa malamin makarantar unguwarku ya karanta maka.

Ni dai ranar nan waya ce ta cece ni. Na kira Kawuna a Zongo, shi kuma ya kira wani tsohon abokin cinikinsa a Sokode, wanda ya san bakanike a Sotubuwa. Bayan awa biyu sai ga mai babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Muka ɗora nawa, muka ɗaure da igiya. Kuɗin ɗauka da gyara ya cinye gudummawar da na riƙo wa ango, kuma na iso an riga an shafa fatiha.

A hanya na riƙa tuna asalin sunan unguwarmu. Zango masaukin fatake ne. Kakanninmu da ke bi ta Sansanne Mango zuwa Gwanja sayen goro ba sa tashi sai sun san inda za su yada zango da maigidan da zai karɓe su. Mu kuma mun sami babur mai gudu, sai muka bar wannan lissafi.

Yanzu kafin in yi doguwar tafiya, ina rubuta lambar mutum ɗaya a kowane babban gari da zan ratsa, a takarda, don batir na iya mutuwa. Ina haɗa 117 ta 'yan sanda da 118 ta 'yan kwana-kwana. Ina ware kuɗin ɗauka kashi biyu, rabi a aljihu rabi a Flooz. Tiyub, kayan faci, famfo, buji, sifana da igiya mai ƙarfi suna cikin jaka. Ba na barin magariba ta same ni a hawan Aledjo, kuma in yankin Savanes zan nufa, inda aka sa dokar ta-ɓaci tun 2022, sai na tambayi mutanen can halin da hanya take ciki.

Babbar Salla in ta matso, samarinmu da yawa za su kama hanyar arewa a kan babur, wasu da mata da goyo a baya. Ɗan'uwa, kafin ka ɗaura kaya, ciro takardar inshorarka ka karanta ta, sannan ka tabbata kana da wanda zai amsa kiranka tsakanin Blitta da Sotubuwa. Allah Ya kai mu lafiya, Ya maido mu lafiya.