Iyakar gaɓa da iyakar ƙwayar ma'ana a aikatau na Italiyanci

Wannan ɗan rubutu zai duba wani kuskure da ake yawan gani a takardun ɗalibai, wato ɗaukar cewa inda gaɓa ta yanke nan ne ƙirar kalma ta yanke. Aikatau na Italiyanci misali ne mai kyau, domin duk kalma ɗaya ana iya yanka ta iri biyu.

Mu ɗauki parlavamo "muna magana (a da)". Ta fuskar ƙira, kashi huɗu gare ta: saiwa parl-, wasalin aji -a-, ɗafin lokaci -va-, da ɗafin mutum -mo. Ta fuskar furuci kuwa par.la.va.mo ne. A lura, l na saiwa ya bar ƴan'uwansa ya buɗe gaɓa ta biyu. Haka abin yake a Hausa: saiwar kama, kamo da kamu ita ce kam-, amma ka.ma ake furtawa.

Baƙi mai ruɓi ya fi muhimmanci. Parleremo "za mu yi magana" da parleremmo "da za mu yi magana" ba su bambanta ba sai a m. A ta biyu, rabin farko na mm ya rufe gaɓar rem, rabi na biyu ya buɗe mo, kamar yadda ll ke yi a kulle. Kunnen Bahaushe na jin wannan nan take. Wanda ya saba da Faransanci kaɗai yakan sha wuya.

Inda ake gardama shi ne s da wani baƙi ke bi. Ƙa'idar rubutu ta ce re-sta-re "zama", fi-ni-sco "ina gamawa". Masana tsarin sauti da yawa ba su yarda ba, kuma a ganina suna da gaskiya. Wasali mai ƙarfin furuci a buɗaɗɗiyar gaɓa da ba ta ƙarshe ba yakan yi tsawo. A resta kuwa e gajere ne, alamar cewa s ya rufe gaɓar: res.ta.

Finisco na da wata matsala. Ɗafin -isc- na fitowa a finisco, finisci, finisce, finiscono, ba ya fitowa a finiamo da finite, inda ƙarfin furuci ya riga ya faɗa kan ɗafin ƙarshe. Kuma a finisci harufan sc sauti ɗaya ne, irin sh namu, mai ruɓi tsakanin wasula. Ke nan ɗafi ɗaya, furuci biyu: nis.ko da nish.shi.