Sinadaran Tsoro a Ƙwaƙwalwar Ɓera

Ɓera dabba ce mai ƙyamar sarari. Idan aka ɗora shi bisa wani dandamali mai tsawo, mai rassa huɗu, biyu da bango, biyu a buɗe, yakan lafe a masu bangon. Masana kan ƙirga daƙiƙoƙin da ya yi a buɗaɗɗun rassan, su ɗauki ƙarancinsu a matsayin ma'aunin zullumi. Abin tambaya shi ne, mene ne a cikin kansa yake hana shi fita?

Ƙwayoyin jijiya suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar sinadarai. Daga cikinsu akwai wani rukuni da ake kira nurofeftayid, wato gajerun sarƙoƙi na amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Aikinsu ba na ƙiftawar ido ba ne. Sukan bazu a hankali, su sauya yanayin ƙwayoyi masu yawa na tsawon lokaci. Kowanne yana da nasa makarɓi a jikin ƙwaya, tamkar makulli da kwaɗonsa.

A 1981 Wylie Vale da abokan aikinsa a Cibiyar Salk ta Amurka suka tace CRF, mai amino asid 41, daga ƙwaƙwalen dubban ɗaruruwan tumaki. Shi ne yake tayar da jiki lokacin matsi, yana kuma aiki a amigdala, wani ɗan dunƙule a cikin ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari. Idan aka zuba shi a ƙwaƙwalwar ɓera, sai ya ƙara maƙalewa a lungu. A 1998 aka samar da ɓeraye waɗanda aka cire musu ƙwayar gadon da ke ƙera makarɓinsa na farko. Waɗannan sai ga su suna yawo a sarari fiye da 'yan'uwansu. Sai dai a lura, ɓeran da ya rasa tsoro ba lafiya ya samu ba. A dawa, abincin mujiya ne.

Kishiyar CRF ita ce NPY, mai amino asid 36, wanda Tatemoto da Mutt suka gano a Suwidin a 1982. Shi kwantar da amigdala yake yi. Ɓerayen da aka hana su shi sun fi razana, kuma sukan daɗe ba su saki tsoron da suka koya ba, ko da haɗarin ya kau. Wannan ne ya fi jan hankalin likitoci, domin haka lamarin yake ga mutumin da ya tsira daga yaƙi ko haɗarin mota amma firgici ya ƙi barinsa.

Kamfanonin magani sun yi saurin ƙera magungunan da ke toshe makarɓin CRF. A jikin ɓera sun yi aiki. Da aka gwada ɗaya daga cikinsu, pexacerfont, a kan masu ciwon zullumi, sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Dandamalin yana auna gudun sarari ne kawai, alhali zullumin ɗan Adam ya haɗa da tunanin gobe, wanda ba a iya ƙirga shi da agogo.